Bomarshe a fim: shaƙiyi mai uwa a gindin murhu

Duk wanda ya zauna ajin adabi a lise, ko a Yamai ko a Tawa, ya taɓa cin karo da Figaro, wanzamin nan mai bakin tsiya da ya koma baran wani basarake, yana juya ubangidansa yadda ya ga dama. Da yawa sun haddace dogon jawabinsa na kashi na biyar a wasan Auren Figaro saboda jarrabawar bak, suka manta da shi tun kafin sakamako ya fito. Shi kuwa wanda ya ƙago Figaron, Bomarshe, da ake rubuta sunansa Beaumarchais, abin da malamin aji kan faɗa a kansa bai wuce layi uku ba: an haife shi a Paris a 1732, ya mutu a 1799, wasansa ya share wa juyin juya halin Faransa hanya. Fuskar da mutane da yawa suke tuna shi da ita a yau, fim ɗin Édouard Molinaro na 1996 ne ya ba su ita, wato Beaumarchais, l'insolent.

Fim ne mai daɗin kallo, kuma ina sonsa. Sai dai an gina shi a kan wata ƙarya mai santsi wadda kusan duk fim ɗin tarihin shaƙiyin marubuci yake yi. Yana sa ka tashi da tunanin cewa kaifin baki da ƙarfin hali sun isa su kai mutum gaban sarki ya faɗi abin da ya so, ya koma gida ya yi barcinsa. Rayuwar Bomarshe ba haka ta nuna ba. Tsiwarsa tana da masu tsaya mata, tana da kuɗin da ke bayanta, kuma duk lokacin da ya yi ta sai da ya biya.

Tun daga tushen labarin za a gane inda fim ɗin ya karkata. Molinaro da Jean-Claude Brisville sun ɗauko shi ne daga wani wasan kwaikwayo na Sacha Guitry da aka buga a 1950. Guitry kansa marubucin wasa ne, ɗan wasa, gwanin baƙar magana. A watan Agusta na 1944, da aka kori sojojin Jamus daga Paris, an kama shi bisa zargin ya yi hulɗa da su, ya kwana 60 a tsare, daga baya aka kori ƙarar. Mutumin da ya fito daga irin wannan, in ya zauna rubuta labarin wani marubuci da aka ɗaure, aka ci zarafinsa, sannan gari ya dawo yana tafa masa, ba sai an gaya maka wanda yake gani a madubi ba. A ganina Bomarshen fim ɗin rabinsa Guitry ne yana wanke kansa.

Shekara 11 kawai fim ɗin ya yanko, daga 1773 zuwa 1784, cikin abin da bai kai awa biyu ba. Fabrice Luchini ne ya fito a Bomarshe, kuma shi ne rabin daɗin fim ɗin: mutum ne da ke tauna kowace kalma kafin ya sake ta, idonsa na dariya ko da bakinsa na rantsuwa. Sandrine Kiberlain ta fito a Marie-Thérèse, wadda ta zama matarsa ta uku, Michel Serrault a sarki Luwi na 15, Michel Piccoli a yarima Conti, Jean Yanne a alƙali Goëzman. Amininsa Gudin kuwa, wanda a zahiri shekara shida kawai Bomarshe ya ba shi, an mayar da shi saurayi mai bin ubangida da ido cike da sha'awa, domin mai kallo ya ari idonsa. Dabara ce mai aiki. In ka kalli mutum ta idon almajirinsa, da wuya ka tambayi inda ya samo kuɗi.

Ga inda ya samo su. Sunansa na yanka Pierre-Augustin Caron, ɗan mai gyaran agogo. Yana da shekara 21 ya ƙirƙiro wata ƴar na'ura mai daidaita bugun agogo, sai Lepaute, maƙerin agogon sarki, ya ce tasa ce. Yaron ya rubuta wa jarida, ya kai ƙara majalisar masana kimiyya, a 1754 aka ba shi gaskiya. Tun daga nan ya koyi darasin da ya rayu a kansa, cewa in babba ya danne ka a ɗaki, ka fito da maganar tsakar kasuwa. Ya yi wa Madam Pompadour, daɗiron sarki, agogo a kan zobe. Ya auri wata bazawara mai hali a 1756, ta rasu bayan shekara guda, amma ya riƙe sunan wani filinta, Beaumarchais, ya liƙa wa kansa. Ya koya wa ƴaƴan sarki mata kiɗa. Ta hanyarsu ya shiga jikin Pâris-Duverney, ɗaya daga cikin manyan attajiran ƙasar, wanda ya koya masa harkar kuɗi, ya kuma taimaka masa a 1761 ya sayi muƙamin da ke mayar da talaka ɗan sarauta. Sayensa ya yi da kuɗi, don a lokacin haka ake yi. Daga baya ma ya sayi kujerar alƙalin masu farauta ba izini a dajin sarki. Wato mutumin da zai sa Figaro ya yi wa masu gadon sarauta tas, shi kansa da rasit ya shiga cikinsu, kuma yana hukunta talakan da ya kama zomo.

Shari'ar Goëzman ita ce zuciyar fim ɗin, ita ce kuma wurin da ya kamata a tsaya, domin a nan ake ganin yadda injin tsiwar ke aiki. Da Pâris-Duverney ya rasu a 1770, ya bar takarda mai cewa Bomarshe na bin sa livre 15,000, kuɗin Faransa na lokacin. Magajinsa, La Blache, ya ce takardar jabu ce. Magana ta kai babbar kotun Paris a 1773, daidai lokacin da Bomarshe yake kurkuku saboda dambe da ya yi da wani babban basarake, Chaulnes, a kan wata ƴar wasa. Alƙalin da aka ɗora wa nazarin ƙarar shi ne Goëzman, kuma ganinsa ya gagara. Aka raɗa wa Bomarshe cewa ƙofar tana wajen uwargida. Ya aika mata luwi 100 na zinari, ya ƙara da agogo mai lu'ulu'u, sannan aka ce a kawo luwi 15 na magatakarda. Yarjejeniyar ita ce in bai ci shari'a ba za a mayar masa da kayansa. Bai ci ba. Matar ta mayar da ɗarin, ta mayar da agogon, ta riƙe sha biyar ɗin.

A kan wannan sha biyar ɗin aka yi ta. Bomarshe ya fara neman kuɗinsa da babbar murya, Goëzman ya ga asiri zai tonu, ya riga shi kai ƙara, ya ce an nemi a saye shi kuma an ɓata sunan matarsa. Mu lura, Bomarshe ba wanke yake ba. Toshiya ya bayar, da hannunsa. Abin da ya yi shi ne ya mayar da abin kunyarsa abin dariyar alƙali. A dokar lokacin, duk littafin da za a buga sai ya bi ta hannun mai tacewa, amma takardun da mai shari'a ke rubutawa don kare kansa suna da sassauci, ana iya buga su a raba. Ta wannan ɓarakar ya bi. Tsakanin 1773 da 1774 ya fitar da takardu huɗu, kowace kamar wasan kwaikwayo: ga uwargida tana rantsuwa tana warwarewa, ga shaidu suna tuntuɓe da harshensu. Aka saye su dubbai cikin ƴan kwanaki, har Volter, babban marubucin zamanin, daga nesa yana yabawa.

To me ya sa gari ya bi bayan mai ba da toshiya? Nan ne fim ɗin ya yi sauri ya wuce, alhali amsar ita ce komai. Kotun da Goëzman yake zaune a cikinta sabuwa ce. A 1771 wazirin shari'a, Maupeou, ya kori tsofaffin alƙalan da ke yi wa sarki taurin kai, ya naɗa nasa. Manyan gidajen sarauta da yawa sun tsani wannan sabuwar kotu, kuma yarima Conti, ɗan uwan sarki, yana gaba wajen adawa da ita. Duk wanda zai kwance mata zani a kasuwa abokinsu ne. Saboda haka ranar 26 ga Fabrairu 1774, da kotun ta yanke wa Bomarshe hukuncin tozartawa, wanda ke raba mutum da haƙƙoƙinsa na ɗan ƙasa, sai ga Conti ya karɓe shi a gidansa kamar wanda ya dawo daga yaƙi da nasara, manyan gari suna layin gaisuwa. Matar Goëzman ta sha irin hukuncin, mijin ya rasa kujerarsa. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. Da wani ɗan mai gyaran agogon ne da bai san kowa ba ya rubuta waɗannan takardu, da ko sunansa ba mu ji ba.

Kuma tafi ba ya mayar wa mutum haƙƙinsa. Sarki ne kawai zai iya, kuma sarki yana da aiki a hannu. A Landan akwai wani ɗan jaridar ɓatanci, Morande, da ke shirin buga littafin tonon asirin Madam du Barry, daɗiron Luwi na 15. Aka tura Bomarshe ya saye littafin, aka ƙone. Wato gwarzon faɗin albarkacin baki, wata guda ko biyu bayan an gama yi masa kirari, yana can yana ƙona rubutun wani da kuɗin sarki. Kafin a biya shi ladansa sarkin ya mutu a watan Mayu 1774, dole ya sake sabon lale da Luwi na 16. A 1775 aka sake tura shi Landan wajen d'Éon, tsohon ɗan leƙen asirin da ke riƙe da takardun sirri na shirin kai wa Ingila hari, wanda kuma duniya ke caca a kan namiji ne ko mace. Fim ɗin ya ba wa mace, Claire Nebout, wannan matsayi, ya mori abin dariyar da ke ciki sosai. Sai a 1776 aka wanke Bomarshe daga hukuncin tozartawa. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, shi kuwa askin ya fara yi kafin a ba shi ladan.

Maganar Amurka ba ta bukatar dogon bayani. A 1776 ya buɗe wani kamfani na rufa-ido, Roderigue Hortalez, da livre miliyan ɗaya daga baitulmalin Faransa da wani miliyan daga Sifaniya, domin a kai wa ƴan tawayen Amurka bindigogi da albarushi ba tare da Ingila ta kama hannun gwamnati ba. Makaman sun yi amfani a yaƙin Saratoga a 1777. Ya yi imani da tawayen, wannan gaskiya ne, amma kuma ciniki ya je yi, yana sa ran a biya shi da taba. Amurkawa suka yi ta jayayya a kan kyauta ce ko bashi. Ya mutu ba a biya shi ba. Sai a 1835 magadansa suka karɓi faran 800,000, kaɗan daga abin da suke bi.

Sai Figaro. An fara nuna Wanzamin Sevil, wasan da Figaro ya fara fitowa a ciki, ranar 23 ga Fabrairu 1775 da kashi biyar, ya faɗi ƙasa warwas. Cikin kwana uku Bomarshe ya rage shi zuwa huɗu, ya tashi da rai. Wannan ma abin lura ne: mutumin ba mai taurin kai ba ne a kan rubutunsa, yana sauraren inda jama'a suka yi hamma. Auren Figaro kuwa ƴan wasan gidan Comédie-Française sun karɓe shi a 1781, aka karanta wa Luwi na 16, ya ce ba za a nuna ba. Shekara uku ana ja. Abin tambaya shi ne wa ya ja da sarki. Ba talakawa ba ne, su ko ganin rubutun ba su yi ba. Bomarshe ya riƙa zagaya zaurukan manya yana karanta musu da bakinsa, har kwaɗayin ganin wasan ya kama fada. Ƙanen sarki, Artois, yana so. A watan Satumba 1783 aka nuna shi a gidan wani na kusa da sarauniya, Vaudreuil, a gaban ƴan fada. Masu tacewa shida suka duba shi ɗaya bayan ɗaya. Ranar 27 ga Afrilu 1784 aka buɗe ƙofa ga kowa, aka yi turmutsutsu, aka nuna shi sama da sau 60 a jere.

A cikin wasan ne bara yake cewa, game da ubangidansa, wace wahala ka sha ka samu duk wannan daula, in ba wahalar a haife ka ba? Waɗanda aka yi wa habaicin su ne ke zaune a kujerun gaba suna ƙyalƙyala. Ba wauta ce ta sa su ba. An kai labarin Sifaniya, don kowa ya samu inda zai fake. Jawabin ma bara shi kaɗai yake yinsa cikin duhu, ubangidan ba ya ji. A ƙarshe basaraken ya roƙi matarsa gafara, aka yi biki, aka yi waƙa, kowa ya koma matsayinsa. Suna ganin wasa ne na cikin gida, kamar yadda ake barin bawan gida ya faɗi abin da ɗa ba zai faɗa ba. A watan Agusta 1785 sarauniya Mari-Antuwanet da kanta ta hau ƙaramin dandalinta na Trianon ta fito a Wanzamin Sevil. Juyin juya hali saura shekara huɗu.

A wannan nasara ta 1784 fim ɗin ya tsaya, kuma inda mai fim ya ajiye almakashinsa, nan hukuncinsa yake. Da ya ƙara wata 11 kawai, da mun ga Maris 1785, lokacin da Bomarshe ya mayar wa wani mai suka martani a jarida, ya ce shi da ya kayar da zakuna da damisa don a nuna wasansa ba zai tsaya faɗa da ƙwaro ba. Aka kai wa sarki cewa shi ne zakin. Aka ɗauke shi, ba zuwa kurkukun Bastil ba inda ake kai manya, sai Saint-Lazare, gidan horon kangararrun yara, yana da shekara 53. Kwana biyar ya yi, amma wannan karon garin da shi ya yi dariya, har da zane-zanen ana zane shi da bulala. Ranar ya ga iyakar igiyar da aka ɗaure shi da ita.

Abin da ya biyo baya ya fi haka ɗaci. A 1787, a shari'ar Kornmann, wani lauya mai suna Bergasse ya yi masa irin abin da ya yi wa Goëzman, ya zana shi a matsayin attajiri ɗan fada mai lalata, jama'a kuma suka yarda. Ya gina katafaren gida daura da Bastil, daidai lokacin da talakawan unguwar ke shirin rushe ta. A 1792 ya shiga cinikin bindigogi 60,000 daga Holand don sojojin juyin, aka zarge shi da ɓoye su, aka kulle shi, ya fito kwanaki kaɗan kafin kisan gillar da aka yi wa fursunoni a watan Satumba. Aka sa sunansa cikin waɗanda suka gudu, aka ƙwace dukiyarsa, ya zauna a Hamburg cikin talauci, sai 1796 ya dawo. Juyin da ake cewa shi ya kira, da ya iso bai gane shi ba. Akwai kuma abin da ya gabaci 1773, wanda mai kallo a Yamai ya fi kowa haƙƙin sani: a 1764, da ya je Madrid, cikin harkokin da ya nema wa abokan cinikinsa har da izinin kai bayi daga Afirka zuwa ƙasashen da Sifaniya ke mulka. Bai samu ba, amma ya nema.

Ba ina nufin a jefar da fim ɗin ba. Dole mai fim ya zaɓa, ba a zuba shekara 67 cikin zama ɗaya. Ƙorafina a kan irin zaɓin ne, domin duk abin da aka zubar gefe ɗaya yake: abin da ke nuna farashi. Kuma cikin abin da bai samu wurin da ya dace da shi ba har da aikin da ya fi kowane daɗewa, don kawai ba shi da takobi ba shi da mata.

A zamaninsa marubucin wasa a Paris kusan bawan ƴan wasa ne. Gidan Comédie-Française shi ke da ikon nuna manyan wasanni. Rabon marubuci kashi ɗaya cikin tara ne, shi ma bayan an cire abin da aka ga dama da sunan ɗawainiya, kuma ba a nuna masa littafin lissafi. Akwai wata doka mai mugunta: in kuɗin ƙofa ya sauka ƙasa da wani adadi, wasan ya zama mallakar ƴan wasa har abada. Sai su zaɓi ranar da suka san ba za a cika ba su sa wasanka, ya faɗi, ya zama nasu, gobe su dawo da shi a cika maƙil. Bayan an nuna Wanzamin Sevil sau 32, Bomarshe ya ƙi karɓar abin da aka miƙo masa, ya ce a kawo lissafi. Ranar 3 ga Yuli 1777 ya tara marubuta sama da 20 a gidansa, suka kafa ƙungiya. Sun yi shekara 14 suna fama kafin dokar Janairu 1791 ta ce ba a nuna wasan marubuci mai rai sai da izininsa. Ƙungiyar marubutan wasa ta Faransa, SACD, daga nan ta samo asali, kuma duk wata hukumar kare haƙƙin mawallafa, har da tamu BNDA, jikar wannan zaman ce. Shi ya iya wannan faɗan ne saboda bai dogara da kuɗin wasa ba. Marubucin da ke jiran kuɗin cefane daga hannun ƴan wasa ba zai ce a kawo lissafi ba.

Mu nan ba baƙi ba ne ga tsiwa mai lasisi. Wawan sarki yana faɗin abin da waziri ba zai faɗa ba, amma a fada yake cin tuwo. Bagobiri ya tsare Bazabarme ya yi masa tas, Bafillace da Babarbare su yi ta yi, ba mai fushi, domin al'ada ta shata filin tun kafin a haife su, har UNESCO ta sa wannan wasan taubasai na Nijar cikin gadon duniya a 2014. A Damagaram, a wasan kara, matasa kan kwaikwayi mahukunta da kayan da suka haɗa da karan hatsi, wani lokaci su kansu mahukuntan na zaune suna kallo. Kowane daga cikin waɗannan yana da ranarsa, yana da iyakarsa, kuma kowa ya san wanda ya ba da izini. Mustafa Alasan, mai shirya fim, wanda ya zauna a Tawa shekaru da yawa, wanda kuma tsohuwar cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar a Yamai take ɗauke da sunansa yanzu, da ya so ya yi wa tafiye-tafiyen shugabanni dariya a 1966, kwaɗi ya zana. Kwaɗinsa su ne Sifaniyar Bomarshe.

Zamanin da teyatur ya fi ƙarfi a ƙasar nan shi ne zamanin Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, wato mulkin soja. Wanda bai san ciki ba zai ga abin kamar ya saɓa wa hankali. Samariya ce ke riƙe da matasa, bikin matasa na ƙasa yana haɗa jihohi gasar wasa, rediyo da tele na gwamnati su ne ke kai wasannin Yazi Dogo da abokansa na Damagaram gidajen mutane. An yi wa ma'aikaci mai cin hanci dariya, an yi wa malamin tsibbu, an yi wa Alhaji mai handama da mai auri-saki. Dariyar gaske ce, kuma ta yi cizo. Amma ta zo daidai da abin da masu mulki ke cewa suna yaƙi da shi, kuma akwai hawan da ba ta kaiwa. Gwanintar waɗannan mutane tana cikin sanin daidai inda layin yake, da taka shi da yatsa ɗaya, mai kallo ya gane, mai iko ya yi kamar bai gane ba.

Wata rana wani zai yi fim a kan ɗaya daga cikinsu, ya kamata ma a ce an yi. Jarabar da za ta same shi ita ce ta Molinaro: ya ɗauko tsoho mai ban dariya, ya jera barkwancinsa, ya sa shi yana gaya wa soja gaskiya ido da ido, ya rufe da tafi. Fim ɗin da zai fi wannan shi ne wanda zai shiga ofishin da ake sauraren wasa kafin a sa shi a iska, ya nuna wa ke zaune a wurin, me aka ce a cire, me ƴan wasan suka mayar ta bayan gida. Ya nuna cewa da yawansu ma'aikatan gwamnati ne, malaman makaranta da ma'aikatan rediyo, waɗanda takarda ɗaya ta isa ta tura su wani ƙauye mai nisa.

Zai kuma ci karo da wata matsala da Bomarshe bai sani ba. Shi rubutunsa a takarda yake, da sunansa a kai, shi ya sa ya iya cewa a kawo lissafi. Yawancin wasannin Hausa na wancan lokaci ba a rubuce suke ba. Shugaban ƙungiya ya kawo ƙashin labari, a zauna a tattauna, kowane ɗan wasa ya sa wa matsayinsa nama da bakinsa, maganar da ta ba da dariya yau a riƙe ta gobe. Wanda ya yi Alhaji shi ya ƙago rabin maganganun Alhaji. Dokar haƙƙin mawallafi da muka gada an ɗinka ta ne a jikin mutum ɗaya mai alƙalami, ba ta san yadda za ta raba wasa tsakanin mutum goma sha biyu da ba su rubuta komai ba. Yau gutsattsarin waɗannan wasanni suna yawo a WhatsApp da YouTube, daga waya zuwa waya a fadojin shayi, wani lokaci ko sunan ƙungiyar babu a jiki. Mai son yin wannan fim, kafin ya nemi wanda zai fito a jarumin, sai ya fara zama da waɗanda suka rage cikin ƴan wasan, ɗaya bayan ɗaya, ya tambaye su wa ya ƙago wace magana, da nawa aka ba kowa ranar da aka ɗauki wasan.